Ƙanena Ya Cika Shagon Babanmu da Takalman Waje

Malam, ka taimake ni kafin in yi abin da zai raba ni da ɗan'uwana har abada, duk da kai ma haushinka nake ji. Ba kai ka rubuta a wannan shafin naka cewa cire haraji kan kayan waje ci gaba ne ba? To, ci gaban naka ya iso shagonmu.

Ni baduku ne, ina ɗinka takalman fata a shagon da babanmu ya bar mana, ni da ƙanena. Tun da aka saki ƙofa, 'yan kasuwa ke kwashe ɗanyar fata su fitar waje. Majema sun rasa abin jima, ni kuma in zaga kasuwa neman jemammiyar fata in dawo hannu rabbana. Fatar nan ce ke dawo mana a takalmi mai sheƙi, da arahar banza. Wa ke saro shi? Ƙanena, wanda ni na koya wa riƙe basilla. Ya jibge kwalaye har kan teburin yankan fata na Baba, ya tura keken ɗinkina bayan ƙofa, yanzu wai in bar masa wurin duka, ya ɗauke ni jiran kanti. Har matata na gani sanye da takalminsa. Wallahi na tsani ganinsa. So nake in watsa kwalayen a titi in garƙame shagon.

Baduku mai ɓacin rai

Malam baduku, na karɓi haushin. Ban janye maganata duka ba: talaka ya samu takalmi da sauƙi, kuma matarka ba ta yi laifi ba. Amma ƙasar da ke fitar da ɗanyar fata ta sayo takalmi, aikin 'ya'yanta take kyautarwa. Wannan ban faɗa ba, kuma kai ke da gaskiya.

Ƙanenka ya yi rashin kunya, sai dai ba shi ya cire haraji ba. In ka watsa kayansa, gobe wani zai kasa irinsu a ƙofarka. Ciniki bai dawo ba, ƙane kuma ya tafi. Ka kira baffanku ya raba shagon biyu, teburin ya dawo hannunka. Ka koma ɗinkin awo, don akwai ƙafafun da na kwali ba ya shiga. Fushin kuma ku haɗa shi da na majema, ku kai wa masu tsara haraji.

Kada ka ajiye basilla, kada ka yanke zumunci. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya buɗa kasuwa.