Katifa Mai Rami

Laraba, 14 ga Rabi'ul Awwal, 1361

Na ce kada su kawo ni, sunka kawo ni.

Tun daga Galma mutum huɗu sunka ɗauko ni a kafaɗa bisa gadon kara, rana na dukan fuskata. Duk ƙauyen da munka ratsa sai maza su miƙe tsaye su yi shiru. Wani tsoho har ya biyo mu shina salati, sai ya ga ina kallonshi. Na ce mishi koma malam, da saura.

Wata biyu ke nan da na faɗo daga bakin rumbu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba nawa ba ne yanzu. Abin da zai fita ba shi neman izinina, sai dai in ji ɗumi, ko in ga matata Saude ta kawar da kai. Mai ɗori ya tofa, ya ɗaure, ya tafi. Shi ne Babba ya ce sai gidan likita. Babba ɗan farina ne, ba ni rubuta sunanshi. Shi ne ya bar mini dukanci ya tafi gina wa nasara ɗakuna, yau kuma shi ke yanke inda zan kwana.

Takardar ga Hamani ya ba ni, ma'aikacin gidan likitan. Ban yi makaranta ba. Baƙaƙen da na sani wurin ɗinkin laya na sace su, ina leƙa rubutun malamai kafin in rufe shi da fata.

Alhamis, 15 ga wata

Hamanin nan Bazabarme ne, abokan wasanmu. Da ya ga zanen fuskata sai ya ce, to, Allah ya kawo mini bawana har gida. Na ce ubanka ma buta ya riƙe wa ubana. Ya juya ni, ya dubi bayana, dariyar ta ɗauke. Wai gyambo biyu, ɗaya ya kai faɗin tafin hannu. Wai kwanciya cikin jiƙa ke cin fata.

Da azahar Hamani da wani ma'aikaci sunka jawo wani abu su biyu. Katifa ce ta tanti, an cusa mata ciyawa, tsakiyarta rami kamar bakin tukunya. Gadonta ma an cire itace biyu a tsaka, ƙasa kuma kasko da rairayi. Wai in kwanta bisa, abin da ya fito ya wuce ƙasa, a ja kaskon a zubar, ba sai an ɗaga ni ba.

Na san abin ga. Ba yau anka haife ni ba. Da ubana ya cika, ni da hannuna na haƙa rami a tsakar ɗaki, munka gitta itace, munka ɗora shi, ruwan wanka ya gangara ciki. Mutum iri guda ake kwantarwa bisa rami a ƙasarmu, kuma ba shi tashi.

Na ce su fitar da ita. Na kama ƙafar gadona da hannu biyu. Babba na tsaye bakin ƙofa, kanshi ƙasa. Ai ya sani. Sun gama shawararsu tun a gida.

Asabar, 17 ga wata

Sun jingine ta ga bango, daidai inda idona ke sauka.

Maƙwabcina Bawa, tsohon soja, ƙafa guda, baki goma. Ya ce Illa, uku na gani sun hau ta. Na ce ina suke? Ya nuna yamma da leɓe, wajen kushewa, ya ci gaba da cin goronshi. Hamani ya ji, ya ce da shi maƙaryacin banza, guda ai gida ya koma. Bawa ya ce i, gidan gaskiya.

Na yanke abin da zan yi. In ba a zuba ba, ba ta fita. Daga yau kurɓi uku na ruwa da safe, uku da marece, da ɓarin goro. In ga ta inda ramin zai sami aiki.

Lahadi, 18 ga wata

Saude ta kawo fura daga masaukinsu, na ba Bawa. Ya ce Allah ya ƙara maka taurin kai.

Talata, 20 ga wata

Sun hana Saude kwana ɗakin maza. Da safe take zuwa, ta tarar da abin da ta tarar, ta ja tabarmar daga ƙarƙashina kaɗan kaɗan don ba ta iya ɗaga ni. Tsohuwa ce, ƙashi da fata. Sannan ta kai tabarmar bayan katanga ta wanke da toka. Rijiyar da nisa, ruwan kuma a bazarar ga sai an yi faɗa.

Ba ni na ce a kawo ni ba. A gida ma haka muke yi, kuma ba wanda ya sani sai mu biyu.

Laraba, 21 ga wata

Kaina na juyawa in na ɗaga shi. Ba komi.

Hamani ya zauna gefena ya ce, Baba, bari wasa. Gyambon nan ya fara wari. Fata ba ta haɗewa in babu abinci, kuma ba ta haɗewa cikin jiƙa. In ya kai ga ƙashi ba ni da abin yi. Na ce to ba ga raminku nan ba, a shirye. Ya ce wallahi da ba bawana ba ne da na bar ka. Ya tashi ya tafi shina magana da yarensu.

Alhamis, 22 ga wata

Ba ni son rubuta wanga. Amma wa zai gani.

Saude ba ta zo da safe ba, wai bayanta ya riƙe. Duk kurɓin da nake ƙirgawa, cikin ya yi abin da ya ga dama. Hantsi ya yi ina kwance ciki, ƙudaje sun taru. Bawa ya juya fuska ga bango. Hamani na can wajen masu ciwon ido.

Sai Babba ya shigo. Na ce fita. Ya tsaya. Na ce fita na ce, ko ba ni na haife ka ba? Ya kwance rawaninshi ya naɗe fuska har ido, kamar Buzu, ya sa hannu ya ɗauke ni ɗungum kamar damin kara. Shekara arba'in da biyu ban taɓa tuɓe ko riga gabanshi ba. Ban taɓa cin abinci shina kallo ba. Ya wanke ni. Ya wanke ni tas, har inda uwarshi kaɗai ta sani.

Da ya fita da tabarmar na ji shi bayan taga shina jan hanci. Mura ce ƙila. Magina ba su rabuwa da ƙura.

Ba zai sake ba. Ko ruwan ma na bari.

Juma'a, 23 ga wata

Saude ta zo da sanda. Ba ta gaishe ni ba. Ta zauna ta buɗe hannuwanta gaban fuskata, duk sun tsage, toka ta cinye tsakanin yatsu har ja.

Ta ce, Malam, kai ka ƙi rami, ni ce ramin. Jiya kuma ɗanka ne.

Na ce kin san abin da ake yi bisa rami.

Ta ce na fi ka sani. Mata nawa na wanke a Galma? Ka taɓa ganin an shimfiɗa wa gawa katifa? Wa zai ɓata taushi ga wanda ba shi jin ciwo? Itace tsirara ake ɗora ta. In mutuwa kake so ka faɗi, in je in sayo alawayyon likkafani, ka bar azabtar da mutane.

Bawa ya ce Inna, a faɗa mishi. Ta ce kai kuma rufe mana baki, gurgun banza, kai ka ƙara zuga shi.

Mace ba ta koya mini abin da na gani da idona.

Amma gaskiya ne, itace tsirara munka ɗora Baba. Na tuna har sartse ya kama mishi zane.

Asabar, 24 ga wata

Na ce a jawo mini ita kusa. Ba don komi ba, kwana tara ina kallon ɗinkin nan daga nesa, ina son in san wanda zan zaga.

Subhanallahi. Wanda ya ɗinka abin ga bai taɓa kwanciya ba a rayuwarshi. Ya naɗe bakin ramin da tanti riɓi uku, ya bar ƙullin zare a sama, daidai inda ƙashin mutum zai zauna. Na shafa, kamar bakin magagari. Ɗinkin wawa-wawa, ruwa na bi ta hudar allura ya shiga ciyawa, na sa hanci, ta ruɓe tun bara. Na ce da Hamani, wanga ko jaki ka ɗora wa sai ya yi gyambo. Ya ce daga nesa anka aiko ta, guda ce tak, kuma da yaƙin nasaran ga ko ƙyalle ba a samu. Ya ce in ka fi su iyawa, bismilla.

In na fi su iyawa! Ni da sirdin da na yi wa mutanen Azarori har yau ba a sake mishi fata ba.

Na faɗa wa Saude ta faɗa wa Babba, shina tsaye nan kusa da ita, ya je Galma ya ɗauko mini jakar aiki da jar fatar akuya biyu da ke rataye bayan ƙofa. Da auduga, wadda anka gurza. Da man shanu.

Litinin, 26 ga wata

Ya dawo. Tafiyar yini ya yi, ya juyo bai huta ba.

Sun kwantar da ni ta gefe, sunka sa katifar bisa turmi biyu dab da ƙirjina. Na farke bakin ramin, munka zubar da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Na yanka fata. Da na zo huda sai basilla ta kuɓuce, na soke yatsa. Sau uku. Ido na ganin wuri, hannu na zuwa wani wuri.

Hamani ya ce, baduku ke nan ko mai kaɗa kuge? Ya ajiye ƙwaryar kunu kusa da jakata ya wuce, bai dube ni ba.

Na sha rabi. Don aikin ne. Ba a ɗinki da hannu mai rawa, fata ake ɓatawa.

Talata, 27 ga wata

Gammo na yi wa ramin, na cusa auduga, na lulluɓe da fata, gefen gashi a sama don ya fi santsi. Ɗinkin duka na mai da shi ƙasa inda jiki ba shi taɓawa. Fata ta biyu na zura ta cikin ramin kamar wuyan salka, ta sauka har bakin kasko, kada ɗigo ya sami ciyawa. In an shafe ta da man shanu ruwa ba shi zama.

Wurin da hannuna bai kai ba Babba ya karɓa. Ban ce ya karɓa ba. Na zuba ido in ga ɓarna. Ya ja zaren, ya danne da babban yatsa, ya juya basilla irin yadda nake juyawa. Shekara ashirin da barin sana'a. Na ce da Saude, faɗa mishi ya matse na ukun. Ta ce ga ka ga shi, ni ba 'yar aikenku ba ce.

Na ce, matse na ukun.

Ya ce, to Baba.

Laraba, 28 ga wata

An gama. Bawa ya shafa ya ce a ba shi in ni ba ni so. Na ce kai da ka ce tana kisa? Ya ce waccan ce, wagga ko amarya ta samu.

Hamani ya ce to, sai a mai da ita ga bango. Na san wayonshi. Na ce ba a ba da aiki ba a gwada ba, sunana ke kai. Na sa sharaɗi. A juya gadon kudu da arewa, ba ni fuskantar gabas da wannan lalura. A kafa zana a kewaye ni. Kuma kaskon kada a haƙa mishi ko ɗan gurbi a ƙasa, a aje shi bisa daɓe yadda yake. Ya ce an ji, ranka ya daɗe, sarkin bayi.

Da sunka ɗora ni na rufe ido na yi shahada, don ko ta yaya. Na jira. Sai na ji Bawa na tambayar ko an ga goronshi.

Lahadi, 2 ga Rabi'ul Sani

Kwana huɗu. Gwaji ne, ban ce wani abu ba.

Gefen hagu na gammon ya ɗan kwanta, yana son ƙarin auduga. Kuskurena ne, ba na Babba ba. Hamani ya duba bayan ya ce ƙaramin ya bushe, babban ya fara ja da baki. Shi ke jan kaskon ta ƙarƙashin zana, ko fuskarshi ba ni gani, sai zagin da yake aiko mini. Wai an kawo wani makiyayi daga wajen Keita da raƙumi ya kayar, ko zan yi ta biyu. Na ce a nemo fata mu gani. Wagga dai ba ni sauka, ban gama duba ta ba.

Saude ta zo ba sanda. Ta zauna tun hantsi har azahar ba abin wankewa, ta rasa inda za ta sa hannuwanta, sai ta kama tsefe mini gemu tana faɗa wai na yi kama da bunsuru.

Da za ta tafi ta ce gobe kunu ko fura? Na ce tuwo. Ta tsaya tana kallona. Na ce mi kike kallo, dole a gwada aikin da kaya mai nauyi. Ki sa kuka da yawa, ki cika akushin.