Yayana ya juya ƙofar ɗakin Inna gabas

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin in yi abin da zai raba zumunci, raina a ɓace yake.

Ni dillalin wake da gero ne, tsakanin Belbeji da Damagaram nake yawo. Da ruwa ya rushe ɗakin mahaifiyarmu, na samo mata wani tsohon ɗaki mai ƙafafu, irin wanda masu aikin hanya ke kwana ciki, na sa kamiyo, wato babbar motar kaya, ya jawo shi har gidanmu. Jikinsa kwano ne marar nauyi, kuma duk ɗan yankinmu na Damargu ya san hadari daga gabas yake tasowa, iska ke gaba ruwa na biye. Saboda haka na juya ƙofarsa yamma, na binne tsofaffin ƙarafan mota huɗu da siminti, na ɗaure shi da igiyar ƙarfe ta saman rufin. Damina biyu ko motsi bai yi ba.

Na je cin kasuwa kwana goma, na dawo na tarar Yayana ya yanke igiyoyin, ya sa tarakta ta juya ɗakin, ƙofa tana kallon gabas. Wai ranar la'asar ke dukan Inna, kuma yanzu matarsa tana hango ta daga madafa. Abin da ya ɗaure ɗakin da shi igiyar guga ce, a jikin turakun awaki.

Na ce masa rumfar zana ta isa maganin rana, amma in iska ta shiga ta ƙofar nan, ɗakin zai tashi da wanda ke ciki. Ya ce ni ba injiniya ba ne, awon wake na iya, kuma tun da Baba ya rasu ba a taɓa kafa ko turke a gidan nan ba da izininsa ba sai da na fara. Nan na gane ba rana ce damuwarsa ba. Na mayar masa da magana mai zafi, ban ɓoye ba.

Na je wurin Inna ina zaton za ta goyi bayana. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ba a warware aikin babba a gaban matarsa. Iska ta Allah ce." Na roƙe ta ta koma wurina har kaka, ta ce ba ta barin ɗakinta.

Jiya gabas ta yi ja, ƙofar tana ta bugawa, Allah ya sa hadarin ya zarce wajen Tenhya. Mai tarakta ya ce gobe yana gari. In na kira shi, na kunyata Yaya kuma na saɓa wa Inna. In na bari, uwata ce a ciki. In juya ɗakin da ƙarfi ne, ko akwai hanyar da zan sa Yaya ya juya shi da hannunsa kafin hadari na gaba?