Sunan da Ka Tafi da Shi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai wasiƙa inda kake. Ko da kana raye ma, kai da saƙon waya ke kwana uku a hannunka ba amsa, ina ga takarda? Zan rubuta duk da haka, don maganar ta daɗe tana cin raina.

Gida lafiya. Inna na nan da ciwon gwiwarta, an kai gero rumbu, matarka Hajara ta fita takaba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsofaffin yaranka na ƙwallo. Za su kafa allo a bakin filin Tambuwal, su rubuta Filin Marigayi Koci Nasiru. Hajara ta ce ba za ta amince ba sai na sa hannu, tunda ta san Nasiru ni ne, kai Bello ne.

Ka tuna yadda aka yi? Aka zo neman yara 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai a Sakkwato, kai kuwa har gemu ya fara tsiro maka. Baba ya buɗe adakarsa, ya zaro takardar haihuwata da ta firamare ya miƙa maka, wai aro ne, in an gama gwaji a dawo da su. Ina tsaye a ƙofar ɗaki, ba wanda ya tambaye ni. Ka aske gemu ka hau mota, ka zama Nasiru, sunan ya bi ka har gari ya manta da Bello.

Bayan shekara uku na je nawa gwajin. Kai ma ka san ƙafata ta hagu ta fi taka ta dama, duk Tambuwal an san haka, ko ba ka so a faɗa. Na ci biyu tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da aka zo rajista sai mutumin ya buɗe littafi, ya ga sunana da na Baba da ranar haihuwata duk an riga an shigar, da hotonka a gefe. A gaban yara ya kira ni ɓarawon suna. Ni, Yaya! Me zan ce masa? In tona maka asiri, a lokacin da ƙungiyar jiha ta fara sa ka a gaba? Na rataya takalmana a wuya na nufi tasha. Sai da na yi rantsuwa a kotu kafin na samu takardar shiga makarantar kiwon lafiya.

Daga nan kai sai sama. Lamba tara a ƙungiyar jiha, sannan Kudu, sannan shekara biyu a ƙasar Larabawa. Ni ina Kebbe ina bin rugage da akwatin rigakafi a bayan babur. Ranar wasa sai abokan aiki su kewaye rediyo, mai sharhi na ihu da sunana, su kuma suna dukan kafaɗata suna dariya, wai takwarana ya ci. Nakan yi dariyar tare da su. A zuci kuwa addu'a nake ka bugi turken raga. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Ga wadda ta fi muni. Ranar da aka ce gwiwarka ta tafi, ba za ka ƙara bugawa ba, na ci tuwo malmala uku. Na yi istigfari daga baya, amma na ci, kuma ya yi mini daɗi. Na ce yanzu za ka dawo mu zama ɗaya, kowa ya zauna a benci.

Ashe ban san ka ba. Ka dawo kana ɗingishi, ka sayi usur, ka share filin bayan makaranta. Kafin a ce me, yara na zuwa daga Jabo da Dogon Daji uku-uku a kan babur, Koci kaza, Koci kaza. Har kofi ka ɗauko musu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙa'idarka: duk yaron da ya zo sai ka juya takardarsa gaba da baya, in ka ga alamar aska a haɓarsa ka sallame shi. Gari ya ɗauka, wai Koci Nasiru ba ya cin haram a shekaru. Lallai wanzami ba ya son jarfa. Saboda ni kake yi? In saboda ni ne, me ya hana ka faɗa? Daga Tambuwal zuwa Kebbe tafiyar kwana nawa ce? Abin da na samu kawai riga ce da ka aiko mini, da sunana a baya. Har yau ban gane ko ban haƙuri ba ne ko tsokana, tana nan cikin ledarta.

Ranar da ka rasu aka faɗi sunana a rediyo. Wasu Fulani huɗu da nake yi wa 'ya'yansu allura suka zo yi wa matata gaisuwa, suka same ni a ƙofar gida ina wanke babur, ɗaya har ya ja da baya yana salati. Mutum huɗu, Yaya. Da na iso Tambuwal kuwa ban samu wurin ajiye babur ɗin ba. Sahu har bakin titi, kowa na Allah ya jiƙan Nasiru, ni ina tsakiyarsu ina amin. Hawaye na zuba mini na gaske, don kai ka goya ni zuwa kallon wasa na farko a rayuwata, amma idona na ƙirga kawuna. Wane irin ƙane ne ke kishi da gawa?

Jiya na sa hannu. Hajara ta yi kuka, tana ta sa mini albarka, wai na rufa wa 'ya'yanka asiri, na bar musu ubansu yadda suka san shi. Na sunkuyar da kai na karɓi yabon. Kai kaɗai zan gaya wa: ba don kai na yi ba, ba kuma don su ba. So nake in tsaya da babur a bakin filin ƙwallo in ga sunana da manyan baƙaƙe, ko sau ɗaya, ko da an sa Marigayi a gabansa.

Yafiya kuwa ina kan ƙoƙari, ba zan yi maka ƙarya in ce na gama ba. Allah ya jiƙan Bello, ya yalwata masa kabari. Ni da Inna da Hajara kaɗai ke faɗin haka, sauran duk ni suke yi wa addu'ar.

Na bar ka lafiya.

Ƙanenka,
Nasirun da ya rage a Kebbe