Oba-oba tana bisa taga

Kulu,

Na iske kina kwana, ban tashe ki ba. Na tahi hwadama ɗaukar albasa.

Albishirinki! Oba-obar da anka sa wa mota ta yi. Mai shago ya so liƙa mani gajerar eriya, wai ta hi kyau. Nic ce mashi ba ado za ni yi ba, doguwa nike so. Jiya munka gwada. Ina can hwadamar Rimawa, inda waya ba ta da sabis, ƙanena Mu'azu na ƙohwar gida riƙe da ƙaramar oba-oba ta hannu, kuma na ji shi tar, har da kukan akuyarki!

Ki yi haƙuri da igiyar shanya, eriyar tat tsinke ta da ina shigowa. In na dawo zan ɗaura.

Ƙaramar oba-obar tana bisa taga, a kunne. Da kin ji naƙuda ta taso, kada ki tsaya kunya. Ki danna maɓallin gefe ki yi magana. Ko lodi bai cika ba, tahowa zan yi.

Lokacin da kinka haihi Nafisa, sai labari nij ji. Wannan karon, in sha Allahu, ni zan kai ki asibiti.

Yusha'u