Inna, Na Yi Alwala a Wurin Bautar Japanawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, daga ɗakina na unguwar Lewisham, a nan ƙasar waje, nake rubuto miki, duk da na san ba za ki karanta ba.

Makon jiya asibitinmu ya tura ni taro Japan, ni da Grace, abokiyar aikina 'yar Jos. Ita ta ja ni wani wurin bautarsu na Shinto, wai mu ga lambu. Kwantar da hankalinki, ban rusuna wa komai ba. Tsit wurin yake, ganyaye sun yi jajawur suna ta zuba. Da kin gani, na san cewa za ki yi: duk faɗin filin nan ba ko yakuwa!

A bakin shiga akwai kwamin dutse cike da ruwa, da ludaya jere a kai. Al'adarsu, mutum ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wuce. Na ɗauki ludayi na yi hakan, amma hannuna bai tsaya ba. Na shaƙa ruwa, na wanke fuska, na naɗe hannun riga. Har na kai shafar kai kafin Grace ta taɓa ni. Wani tsoho mai shara ya kawar da ido, don kada in ji kunya.

Inna, a lokacin wata takwas ke nan ban yi salla ba. Tun ranar da na fito daga aiki na kunna waya, na tarar an riga an kai ki makwancinki. Na yi fushi, ban kuma san da wa zan yi ba, sai na naɗe darduma na jefa saman wardrobe. Ban gaya wa kowa ba.

A gaban ruwan nan muryarki na ji, kamar sanda kike tsaye a kaina da buta: "Ya kai gwiwar hannu, Hadiza, ba a yi wa Allah ha'inci." Na tsuguna na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarki.

Na koma salla. Ba zan ce miki na huce ba, har yanzu nakan daɗe a sujada ban ce komai ba.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe mini. Allah ya kai haske kabarinki, wanda har yau ban san inda yake ba.

'Yarki,
Hadiza