Tsingaron Randar Inna

Tanut, daren Alhamis

Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ya sani Allah yana ganinsa. Ya rufe.

Yau na tarar da ƴata Balki tana daka tsingaro a turmin gero. Na randar Inna mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, wanda na ƙulle a tsohon zane tun ranar da ta fashe. Na ce, "Ke! Abin da ake koya muku ke nan a makarantar zane a Yamai? Taɓa kayan manya?"

Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Randar ɗakina zan gina da hannuna kafin bikina. In ba a cuɗa yumɓu da garin tsohuwar tukunya ba, tsagewa take a wuta. Na Kaka nake so, ba na juji ba."

Na yi mata faɗa sosai, don rashin tambaya rashin tarbiyya ne. Amma tun ɗazu maganar ta ƙi barina. Wato matar da ta gina wa Inna randar a Falanko, ita ma da garin wata tsohuwar randa ta haɗa? Ta wa ce? Na girma ina shan ruwanta ban taɓa tambaya ba. Ko sabuwar za ta yi irin sanyin nan?

Na ba Balki ragowar, na riƙe guntu ɗaya.

Bayan cin tuwo na tara mutanen gidan duka na ce, daga yau tukunyar da ta fashe a gidan nan ba mai zubarwa, kuma ba mai dakawa sai na ce to.