Alli a Ƙofar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da Anti da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan kowa lafiya, sai dai Baba. Dominsa na ɗauki biro, tunda kai a waya kullum sauri kake kamar ana korarka.

Ka tuna labarin da yake ba mu muna yara har mu yi gyangyaɗi? Lokacin yaƙi sojoji suka bi layinsu suna zana alli a ƙofofi, duk gidan da aka zana, washegari mota ta zo ta kwashe mazan ciki. Haka aka tafi da wansa, shi kuwa ya tsira a ƙarƙashin teburin ɗinki. Daga baya fari ya tashe su daga gida, juyin mulki ya rufe masa shago, duk ya shanye. Allin nan ne kawai bai taɓa barinsa ba. Muna masa dariya don ya hana mu shigo da alli daga makaranta, ashe ba mu san komai ba.

Makon jiya masu gyaran bututun ruwa suka zana lamba da alli a kowace ƙofa, Baba yana zaune a dakali. Wallahi Yaya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗauko tsumma da bokiti ya bi layi yana gogewa, har ƙofar mai gyaran rediyo da ba sa ga maciji. Ma'aikatan suka dawo suka sake zanawa. Na ce masa ruwa za a ja mana, ya ce wancan karon ma cewa aka yi ƙidaya ce.

Shekaranjiya da hantsi na fito daga wanki, babu Baba. Hankalina ya tashi, na zaga unguwa ko takalmi babu. A tasha maigidana ya same shi, yana riƙe da rigar wani direban babbar mota, yana roƙonsa ya faɗa masa inda suka kai ɗansa. Kai yake nufi, Yaya. Ya duba ɗakinka bai gan ka ba, ya tabbatar an tafi da kai. Tun ranar ya ƙi abinci, wai ba zai ci ba kana can da yunwa. Da na kunna masa saƙon muryarka, ya ce tilasta ka aka yi. Likita ya ce jininsa ya hau, jikinsa ba zai jure wannan ba. Tsoro nake ji, tsoron ya rasu yana zaton an kashe ka.

Goggo da Kawu da Auta suna gaishe ku, ka shafa min kan yara. Don Allah ka zo ya taɓa ka da hannunsa. In ka iso, kada mota ta kawo ka har ƙofa. Ka sauka a bakin titi ka tako da ƙafa, domin da ya ji ƙarar mota a layi, ƙarƙashin tebur yake shiga.

Ƙanwarka.